Fetur Ya Shiga Jerin Masu Haddasa Kansa: Me Ke Cikin Mai, Kuma Wa Yake Cutarwa?

A watan Maris na 2025 hukumar binciken cutar kansa ta ƙasa da ƙasa, wadda aka fi sani da IARC, ta sanya man fetur na motoci a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa kansa ga ɗan Adam. Hukumar reshe ce na Hukumar Lafiya ta Duniya, mazauninta a birnin Lyon na Faransa, kuma rukunin farko shi ne inda taba sigari take. Masanan sun ce akwai isasshiyar hujja cewa fetur na janyo kansar mafitsara da wani nau'in kansar jini ga manya.

Jin haka sai mutane suka rabu gida biyu. Wasu suka firgita: ke nan duk wanda ya tsaya shan mai a mota ya kama hanyar asibiti? Wasu kuma suka yi tsaki, suka ce tun kaka da kakanni ake mu'amala da mai, ba a ga abin da ya faru ba. Duk ɓangarorin biyu sun kauce wa gaskiya, kuma ba za a gane inda suka kauce ba sai an san abin da ke cikin man da kuma ƙofar da yake bi ya shiga jiki.

Me rukunin farko yake nufi?

Rukunan IARC ƙarfin hujja suke aunawa, ba girman haɗari ba. Idan abu ya shiga rukunin farko, ma'anarsa an tabbatar yana iya haddasa kansa, amma hakan bai faɗi mutum nawa zai kama ba, ko yawan da za a shaƙa kafin a cutu. Hasken rana ma yana wannan rukuni, saboda kansar fata. Tun ƙarshen shekarun 1980 fetur yake rukunin abubuwan da ake zargi kawai, sai da bincike ya taru aka ɗaga shi, kuma mafi yawan hujjar daga ma'aikata ta fito: masu zuba mai a gidajen mai, masu lodi da dakon mai, mutanen da ke wuni cikin tururinsa shekara da shekaru. Mai mota da ke tsayawa 'yan mintoci a famfo ba ɗaya yake da wanda ke riƙe da bakin famfon daga safe har dare ba.

Abin da ke cikin tanki

Fetur, kananzir, dizal da man inji duk uwa ɗaya ta haife su, wato ɗanyen mai. Dukkansu haɗin sinadarai ne da ake kira haidirokabon, ƙwayoyin kabon da haidirojin da suka sarƙe da juna. Bambancinsu tsawon sarƙar. A matatar mai ana dafa ɗanyen mai, kowane kashi ya tashi a nasa zafin, a tare shi daban. Masu gajeruwar sarƙa, mai kabon 4 zuwa 12, su ne fetur. Kananzir na tsakanin 9 da 16. Dizal ya ɗan fi haka tsawo, man inji kuwa daga wajen 20 ne zuwa 50, shi ya sa yake da kauri da yauƙi.

Wannan tsawon sarƙa shi ke faɗin halin kowane mai. Fetur yana fitar da tururin da zai iya kama wuta ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyas, wato babu yanayin da za a ce fetur a buɗe ba ya tururi. Kananzir sai ya kai wajen digiri 38, dizal kuma sai ya haura 50. Tururin fetur ya fi iska nauyi ninki uku zuwa huɗu, don haka ba sama yake tashi ba, ƙasa yake bi, ya taru a rami ko lungu, ya yi tafiya har ya iske wuta a nesa. Daga nan ne haɗarin gauraya kananzir da fetur yake: ɗan fetur kaɗan ya isa ya saukar da zafin da kananzir ke kama wuta, fitila ko murhun da aka ƙera don kananzir ya fashe a hannun mai kunna shi.

Fetur ba sinadari ɗaya ba ne. Sun haura 150 a cikinsa, ban da abin da ake ƙarawa don gyara ƙonuwa, hana tsatsa da wanke inji. Ba duka ke da illa iri ɗaya ba. Akwai toluwin da zailin masu sa jiri da ciwon kai, akwai hekzen da ke lalata jijiyoyin hannu da ƙafa idan an daɗe ana shaƙa. Amma wanda likitoci suka fi sa wa ido shi ne benzin.

Benzin, mai cin ɓargo

Benzin ƙwayoyin kabon shida ne da suka yi zobe, kowace da haidirojin ɗaya. Michael Faraday ne ya fara ware shi a 1825. Ba shi da launi, kuma yana da ɗan ƙamshi, yana cikin abin da ke ba fetur warin nan da wasu ke cewa yana yi musu daɗi. Idan an shaƙe shi, jini ya kai shi hanta, hanta ta sarrafa shi zuwa wasu sinadarai, su kuma su wuce ɓargo, inda jiki ke ƙera jini. A can suke ɓarna. Jajayen ƙwayoyin jini su ragu, mutum ya riƙa gajiya da haki. Fararen su ragu, cututtuka su riƙa kama shi a kai a kai. Masu tsayar da jini su ragu, dasashi ya riƙa zubar jini, jiki ya riƙa tabo ba tare da an buge ba. Ga wasu, bayan shekaru, abin ya zama kansar jini.

Abin da ya fi damuna game da benzin shi ne babu abin da ke gargaɗin mutum. Dokar kare ma'aikata ta Amurka ta ƙayyade kashi 1 cikin miliyan na iska a tsawon aikin awa 8, alhali hancin mutum ba ya jin warinsa sai ya wuce wannan. Ga wanda ya saba kuwa, hancin ma yakan daina ji gaba ɗaya. Idan ma'aikaci ya ce "ni na saba, ba ya yi mini komai," hancinsa ne ya saba, ɓargonsa bai saba ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin benzin a iska da za ta iya cewa ba shi da illa.

Saboda haka ƙasashe suka rage shi daga tushe. Tarayyar Turai ta hana ya wuce kashi 1 cikin 100 na fetur tun shekarar 2000, Amurka kuma ta sa matsakaicin kashi 0.62 daga 2011. Inda babu irin wannan doka, ko akwai amma ba a aunawa, fetur na iya ɗaukar ninkin haka, kuma mai saye ba shi da hanyar ganewa da ido. Mai shan sigari da ke aiki da fetur ya haɗa wa kansa biyu, domin hayaƙin taba ma cike yake da benzin.

Darasin dalma

Ba wannan ne karon farko da aka yi jayayya kan abin da ke cikin fetur ba. A 1921 wani injiniya na kamfanin General Motors, Thomas Midgley, ya gano cewa ɗan sinadarin dalma a cikin fetur yana hana inji ƙwanƙwasa, wato fashewar mai kafin lokacinsa a cikin silinda. A 1923 aka fara sayarwa. A watan Oktoba na 1924, a matatar Standard Oil da ke Bayway a jihar New Jersey, ma'aikatan da ke haɗa sinadarin suka fara zaucewa, biyar suka mutu, gommai aka kwantar a asibiti. An san dalma guba ce tun zamanin da, wasu masana lafiya sun yi gargaɗi a lokacin, amma aka ce abin da ke fita ta salansa bai kai ya cutar ba. Aka ci gaba.

Sai a 1965 wani masanin duwatsu, Clair Patterson, ya nuna cewa dalmar da ke jikin mutanen zamani ta ninka ta mutanen da nesa ba kusa ba. Daga baya aka tabbatar tana daƙile ƙwaƙwalwar yara, tana rage musu basira har abada, tana ƙara hawan jini da ciwon zuciya ga manya. Ko da aka fara cire ta a Amurka cikin shekarun 1970, wani babban dalili shi ne tana lalata na'urar tace hayaƙi da aka fara sa wa sababbin motoci a 1975. Bayan an cire ta, dalmar jinin yaran Amurka ta ragu da sama da kashi 90 cikin 100. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina a farkon 2006. Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a watan Yulin 2021, kusan shekara ɗari bayan ganowar Midgley. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa hanin yana kare rayuka sama da miliyan 1.2 a kowace shekara.

Ba a gama da ita kwata-kwata ba. Ƙananan jiragen sama masu injin fistin har yanzu suna amfani da fetur mai dalma, kuma wadda ta zuba a ƙasar gefen manyan tituna tana nan, domin dalma ba ta ruɓewa. Sannan da aka cire ta, matatu da yawa sun cike gurbinta da ƙarin sinadarai dangin benzin don inji ya ci gaba da tafiya lafiya. An toshe wata ƙofa, wata ta ƙara buɗewa.

Idan an haɗiye: ba ciki ne abin tsoro ba

A nan ne rashin sani ya fi kisa, kuma yara ne suka fi shiga ciki. Yaro ya ga kananzir a kwalbar da ya saba ganin abin sha, ya kurɓa. Ko babba ya sa tiyo a baki zai zuƙo mai daga tanki, man ya zo da ƙarfi. Hankalin kowa sai ya tafi ga ciki, a ce a sa shi ya yi amai. Wannan shi ne mafi munin abin da za a yi.

Hanji ba ya tsotsar kananzir da fetur sosai, yawanci sukan wuce da ɗan ciwon ciki da gudawa. Huhu ne ba ya jure su. Saboda tsinkewarsu, ɗan abin da bai cika ƙaramin cokali ba idan ya ɓalle ta maƙogwaro ya shiga hanyar numfashi, sai ya bazu kamar yadda ɗigon mai ke bazuwa a kan ruwa, ya narkar da siririn ruwan da ke hana jakunkunan iska mannewa. Huhu ya kumbura, iska ta kasa shiga jini. Amai kuwa dama ce ta biyu ga man ya sake bi ta bakin hanyar numfashi. Shi ya sa, akasin abin da ake zato, mai mara kauri ya fi mai kauri haɗari idan an haɗiye. Man inji sabo, duk da munin ganinsa, ba ya kutsawa huhu da sauƙi irin na kananzir.

Abin yi shi ne kada a sa amai, kada a ɗura madara ko wani mai da sunan kashe guba, a cire tufafin da suka jiƙe, a wanke jiki da sabulu, a tafi asibiti. Tari, shaƙewa ko haki bayan an sha alama ce ta cewa ya riga ya taɓa huhu. Ko yaron ya ga kamar ya warware, alamun na iya jinkirin awanni, shi ya sa likitoci kan riƙe shi aƙalla awa 6 suna dubawa.

Masu shaƙar fetur da gangan don maye suna fuskantar wani abu daban. Tururin yana sa zuciya ta rikice da ƙaramin firgici, har mutum ya faɗi nan take, ko da karon farko ne. A Ostireliya, da abin ya addabi wasu al'ummomin karkara, an fito da wani fetur mai suna Opal a 2005 wanda aka rage wa sinadaran da ke bugarwa, kuma shaƙar ta ragu ƙwarai a inda aka kai shi.

Baƙin mai da danginsa

Man inji sabo na zamani an tace shi sosai, illarsa ga fata kaɗan ce. Ba haka yake da ba. A masaƙun auduga na Lancashire a Ingila, a farkon ƙarni na 20, ma'aikatan da man injin saƙa ke jiƙa wa wando kullum sun riƙa kamuwa da kansar fatar maraina, har aka gane man da ba a tace sosai ba ne sanadi. Sinadaran da suka yi wannan ɓarna, masu zobba da yawa a haɗe, su ne dai ake cirewa a matata yanzu.

Matsalar ita ce inji yana sake ƙera su. Duk lokacin da mai ke zagaye cikin zafi, yana kwasar ragowar ƙonuwa, da ɓurɓushin ƙarfe, da fetur ɗin da bai ƙone ba. Man da aka juye ba shi ne wanda aka zuba ba. Gwaji a kan ɓeraye ya nuna baƙin man injin fetur yana haddasa kansar fata idan ana shafa shi a kai a kai ba a wankewa. Saboda haka bakanike da ke sa tsumma mai baƙin mai a aljihun wando, ko ya kwana da kayan aikin da suka jiƙe, yana maimaita abin da ya faru a Lancashire. Wanke hannu da fetur bayan aiki kuwa ƙari ne a kan ƙari: fetur yana kwashe kitsen da ke kare fata, ta bushe ta tsage, abin da ke kanta ya sami hanyar shiga, ga benzin da ake shaƙa ana cikin wankin. Sabulu da ruwa sun fi, safar hannu ta roba mai jure mai ta fi su duka. Shafa baƙin mai a kan rauni ko ƙurji, na mutum ko na dabba, ba magani ba ne. Zubar da shi a ƙasa ko magudana kuma yana komawa ga ruwan sha, domin lita ɗaya na iya gurɓata lita miliyan ɗaya.

Wasu mayukan gubarsu a cikin abin da aka ƙara musu take. A 1959 a Maroko, musamman birnin Meknes, wasu 'yan kasuwa suka gauraya man girki da man injin jirgin sama mai ɗauke da wani sinadarin fosfet, mutum kusan 10,000 suka sami shanyewar gaɓoɓi. Man birki da ruwan sanyaya inji suna da sinadaran gilaikol masu ɗan zaƙi, abin da ke jan yara da dabbobi, kuma suna kashe ƙoda. Akwai kuma raunin da kanikawa ke rainawa: idan bututun haidirolik ya huje, ko bindigar giris ta harba a yatsa, man na shiga ƙarƙashin fata da matsin gaske. A waje ɗan tabo ne kamar na allura, a ciki nama na mutuwa. Wannan aikin tiyata ne na gaggawa, jinkiri kan kai ga yanke yatsa.

Bayan ya ƙone

Da mai zai ƙone tsaf, da ruwa da iskar kabon dayokzayid kawai zai bari. Ba ya ƙonewa tsaf. Injin fetur yana fitar da kabon monokzayid, iskar da ba ta da wari ko launi, wadda ke manne wa jini fiye da oksijin sau 200 ko fiye. Janareta a ɗaki, a baranda, ko kusa da taga, ko mota a kunne cikin gareji a rufe, na iya kashe mutanen gida suna barci. Buɗe ƙofa bai wadatar ba. Shawarar hukumomin lafiya na Amurka ita ce a ajiye janareta a waje, nesa da gida da kimanin mita 6, salansar na kallon wani gefe. Idan mutane da yawa a wuri ɗaya suka kamu da ciwon kai, jiri da tashin zuciya lokaci guda, kuma inji na aiki a kusa, a fita waje tukuna kafin a yi tunanin wata cuta.

Dizal nasa daban ne: baƙin hayaƙi mai ƙananan ƙwayoyi da ke isa can ƙarshen huhu har su ratsa cikin jini. IARC ta sa hayaƙin dizal a rukunin farko tun 2012 saboda kansar huhu, bayan wani bincike a kan masu haƙar ma'adinai sama da 12,000 a Amurka.

Inda ake jayayya

Yawan wannan hayaƙi ya dogara ƙwarai da farar wutar da ke cikin man. Farar wuta tana ƙara ƙwayoyin hayaƙi, tana kuma lalata na'urorin tace hayaƙi da ake sa wa motoci, don haka ko an sayi mota ta zamani, idan man mai datti ne, an yi aikin banza. A dizal, Turai ta ƙayyade kashi 10 cikin miliyan tun 2009, Amurka 15. A 2016 wata ƙungiya ta Suwizalan, Public Eye, ta auna man da ake sayarwa a wasu ƙasashen Afirka, ta sami dizal da farar wutarsa ta ninka iyakar Turai har sau 378, kuma ba a karya doka ba, domin dokokin ƙasashen ne suka ba da dama.

Masu matatu da 'yan kasuwar mai suna da hujjarsu. Cire farar wuta da benzin na buƙatar injuna masu tsadar gaske, tsofaffin matatu ba su da su, kuma kuɗin a kan mai saye zai ƙare. Gwamnatoci ma suna tsoron duk abin da zai taɓa farashin mai. Masana lafiya kuwa suna cewa ai ana biyan kuɗin ko ta yaya, sai dai a asibiti ake biya, kuma ba waɗanda suka ci ribar ne ke biya ba. A ganina tarihin dalma ya riga ya raba wannan gardama: an yi ta cewa cire ta zai durƙusar da masana'antu, aka cire, motoci suka ci gaba da tafiya. Jiragen ruwa ma an rage musu farar wuta daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin 100 a farkon 2020, sufurin teku bai tsaya ba.

Amma ko an tsaftace mai iya tsaftacewa, fetur zai ci gaba da tururi, kuma wanda ke tsaye a kansa shi zai shaƙa. Akwai hanyoyin rage wannan da aka daɗe da sani: bututun da ke mayar da tururi cikin tanka lokacin sauke mai, bakin famfo mai tsotse tururin da ke fitowa daga tankin mota, daina cika tanki bayan famfo ya tsaya da kansa, tsayawa ta inda iska ke kaɗa tururin nesa da fuska, da sauya wa mace mai ciki wurin aiki. Ga wanda ya shekara yana wannan sana'a, gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini lokaci zuwa lokaci na iya nuna cewa ɓargo ya fara taɓuwa tun kafin ya ji komai a jikinsa, kuma nauyin yin gwajin a wuyan mai wurin aikin ya kamata ya kasance.